GWIWAR RODRI DA KARATUN DA BA A FAYE BA MU LABARINSA BA

Ga rubutun tattaunawar wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Wanda ya kalli bikin Ballon d'Or na watan Oktoban 2024 zai tuna yadda Rodri na Manchester City ya hau dandamali yana dogara sanda. Wata guda kafin nan, a wasansu da Arsenal, wata jijiya ta tsinke a gwiwarsa. Likitoci suna kiranta ACL. Ita ce ke tsakiyar gwiwa, tana riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba ya bar ƙashin cinya. Wannan 'yar jijiyar ce ta cinye masa kusan kakar wasa guda.

To shi Rodri yana da manyan likitoci, albashinsa kuma bai tsaya ba. Yaron unguwarmu da ke tamaula a filin makarantar firamare fa? Ya murɗe gwiwa, an ce targaɗe ne, an kai shi wurin mai ɗori, an ja, an shafa man zafi. Bayan sati uku kumburi ya sauka, ya koma fili. Gwiwar ta sake ballewa. Shi ke nan, sai ka ji ana cewa "wane ai da ya iya ƙwallo". Ku fahimce ni, ba raina masu ɗori nake ba. Amma jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa ba ja ne maganinta ba, aikin asibiti ne.

Akwai mutanen da karatunsu da aikinsu ke nan, gano yadda irin wannan raunin ke faruwa da yadda za a tare shi. Fannin sunansa bayomekaniks, wato nazarin motsin jikin ɗan Adam da ma'aunin fiziks. A ɗakin bincikensu ana manna wa ɗan wasa 'yan ƙwallaye masu sheƙi a gaɓoɓinsa, kyamarori su zagaye shi, ya yi tsalle ya dira a kan wani faranti da ke auna ƙarfin da ƙafa ta daki ƙasa da shi. Kwamfuta kuma ta lissafa nauyin da ya sauka a kan gwiwa.

Me suka gano? Yawancin tsinkewar ACL ba wani ne ke taka mutum ba. Shi kaɗai yake dira ko ya yi yankan gudu, gwiwa a miƙe, ta karkata ciki, nauyin jiki duk a ƙafa ɗaya. Masu bincike a Norway da suka bi bidiyon raunuka hoto bayan hoto sun ga abin yana faruwa cikin kamar kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa bayan ƙafa ta taɓa ƙasa. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan daɗewa. Ka ga ke nan ba lokacin da za ka ce bari in gyara. Sai dai a koya wa jiki dira mai kyau tun a wurin atisaye, har ta zame masa jiki.

Daga nan aka samo tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+, wanda cibiyar binciken lafiya ta FIFA ta haɗa a 2006 tare da masana daga Oslo da Santa Monica ta Amurka. Minti 20 ne kacal: gudu a hankali, motsa jiki na ƙarfafa ciki da cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da dira, sai gudu mai sauri. Ana so a yi aƙalla sau biyu a sati. A 2008 aka wallafa gwajinsa a kan 'yan mata kusan 1,900 a Norway, raunuka suka ragu da kimanin kashi ɗaya bisa uku.

Wani zai ce ai wannan a Turai ne, filinsu ciyawa, namu burji. To ku saurara. Wani likitan fisiyo ɗan Najeriya, Oluwatoyosi Owoeye, ya gwada shi a gasar matasa ta Legas, ƙungiyoyi 20, 'yan wasa sama da 400. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi tsarin. Daga Jami'ar Legas ya wuce Calgary ta Kanada, daga baya ya zama malami a Jami'ar Saint Louis a Amurka. Ku lura, binciken da ya fito da shi bai buƙaci na'urar miliyoyi ba. Fili ne, da masu horarwa da suka yarda, da haƙurin rubuta kowane rauni.

Yanzu ga wanda zai ce, ni ta ina zan shiga? Ka riƙe fiziks, bayoloji da lissafi tun a sakandare. A jami'a akwai ƙofa biyu. Ko ka karanci fisiyo, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano, ko ka shiga sashen ilimin motsa jiki da lafiya, kamar na ABU Zariya. Wannan sashen da ake yi wa dariya ana cewa tsalle-tsalle kawai suke, wallahi nan tushen yake. Sai digiri na biyu, sannan na uku, inda za ka ɗauki tambaya ɗaya ka bi ta shekara uku ko huɗu. Ka koyi ƙididdiga da kyau, don duk binciken da ba ta a ciki labari ne kawai. Kafin ka samu ɗakin bincike, wayarka da manhajar Kinovea, wadda kyauta ce a kwamfuta, sun isa ka fara auna kusurwar gwiwa a bidiyo.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar doguwa ce, kuma ba a yin kuɗi da wuri. Amma aikin bai tsaya a filin ƙwallo ba. Da ilimin nan ake tsara motsa jiki ga mai ciwon suga, mai hawan jini, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Kuma 'yan'uwa mata, ku ma naku ne. Mata 'yan wasa sun fi maza tsinkewar ACL, sannan mata da yawa a wurinmu sun fi sakin jiki idan mace ce ke duba su.

Aikin gida na wannan makon: ka sa abokinka ya ɗauke ka bidiyo ta gaba kana dirowa daga kan benci. Idan gwiwoyinka na karkatowa ciki kamar za su gaisa, akwai gyara. Ka nuna wa kocinku, ku nemo tsarin 11+ a intanet, kyauta ne. Wanda kuma gwiwarsa ta taɓa yin ƙara ta kumbura nan take, don Allah ya je asibiti a duba shi kafin ya sake ɗaura takalmi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya.