Jawabin Kwamitin Jin Daɗin Jama'a Game Da Shatar Motar Kwashe Kaya

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Sabo, Ibadan, muna yi muku barka da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan ƙaura ce. Magidanci zai koma gida Arewa, ko zai aika da kayan ɗakin 'yarsa, sai ya je tasha ya yi ciniki da ɗan kamasho, ya ba da kafin alƙalami, ko sunan mai motar bai sani ba. To, jama'a, ɗan kamasho dillali ne. La'adarsa yake ci, ba shi zai bi kayan ya haye gadar Jebba ba. Ran da madubi ya fashe, ko direba ya tsaya a Mokwa ya ce sai an ƙara kuɗi, dillali ya ce direba ne, direba ya ce dillali ne, mai kaya ya tashi a tutar babu.

Alhali kuwa akwai doka. Tun 1992 gwamnati ta yi dokar kafa majalisar kare masu saye, sannan dokar 2018 ta maye gurbinta da hukumar FCCPC. Dokar ta ce wanda ya karɓi kuɗinka don aiki wajibi ne ya gama a kan lokaci, ya sanar da kai in jinkiri ya kama, ya kuma mayar maka da kayanka yadda ya karɓe su. In ya gaza, sai ya gyara ko ya mayar da wani abu daga kuɗin.

Amma fa hukuma da takarda take aiki. Don haka kafin a yi lodi, a ga mai mota ko direba ido da ido, a rubuta sunansa da lambar mota. A lissafa kaya ɗaya bayan ɗaya. A rubuta jimlar kuɗi, da la'ada daban, da wanda zai biya kuɗin hanya, da ranar isa. Shaidu biyu da shugaban tasha su sa hannu. Kada a biya duka sai kaya sun sauka.

Wani zai ce ai ɗan'uwa ne, rubutu rashin yarda ne. Ina! Addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi da kafa shaidu. Iyayenmu mata da ba sa zuwa tasha, su turo wa kwamiti, mu tsaya musu.

Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya tsare mana dukiyarmu. Wassalamu alaikum.