Zaɓen Tafinta Tsakanin Ma'aikaci da Rumbun Bayanai



Rumbun bayanai, watau taskar da kwamfuta ke ajiye lissafin ciniki da bashi da albashi a cikinta, ba ya jin maganar mutane. Harshen da aka fi yi masa tambaya da shi shi ne SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙago a kamfanin IBM wajen 1974. Saboda haka manaja ya saba jiran gwani ya rubuta masa tambaya. Yanzu kuwa akwai manhajoji masu karɓar tambaya da harshen yau da kullum, su mai da ita SQL, su kawo amsa. Aikinsu aikin tafinta ne. To, wane tafinta ya kamata a ɗauka?

Neman irin wannan tafinta ba yau aka fara ba. A 1971 William Woods ya nuna wata manhaja mai suna LUNAR a Amurka, wadda ke amsa tambayoyin masana game da duwatsun da aka kwaso daga duniyar wata. Ta yi abin kirki, domin fagenta ƙanƙane ne, kalmominsa ƙididdigaggu. Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai manhajar da ake gina wa ƙamus na kalmomin kamfani da hannu. Tana cin lokaci, amma in ba ta gane tambaya ba takan faɗa. Akwai kuma wadda ta dogara ga manyan na'urorin harshe irin na ChatGPT, wanda ya fito a 2022. Tana gane magana ko yaya aka juya ta, amma takan ba da amsar kuskure ba tare da ɗar ba.

A nan haɗarin yake. A ce manaja ya tambaya, “Nawa aka sayar a watan jiya?” Shin har da kayan da aka bayar bashi? Shin an cire waɗanda aka mayar? Kowace fassara da adadinta. In aka ɗauki adadin da ba shi ba, a kansa za a sari kaya, a kansa za a biya haraji.

Saboda haka lalle ne mai zaɓe ya duba abu huɗu. Na farko, ko manhajar tana nuna SQL ɗin da ta rubuta, domin gwani ya tantance. Na biyu, ko kamfani na iya kafa mata ma'anar kalmomi kamar “riba” da “ciniki”. Na uku, ko takan nemi ƙarin bayani in magana ta yi harshen damo. Na huɗu, ina bayanan ke tafiya, kuma wa ke da izinin ganinsu. Gama dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

Daɗin daɗawa, kada a dogara ga bajintar da dillali zai nuna da rumbun da ya shirya da kansa. A tara tambayoyin da akanta ya riga ya san amsarsu, a yi wa kowace manhaja su a kan rumbun kamfanin, sa'an nan a ƙidaya kurakurai. Gani ya kori ji. Tafintan da ya ce bai gane ba ya fi wanda ya shirya ƙarya da daɗin baki.