Lissafi da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa: Abin da Tafkin Iullemeden ke Koyarwa



Ƙarƙashin ƙasar Tawa da Dosso da Maraɗi, har zuwa Sakkwato da gabashin Mali, akwai wani babban rumbun ruwa da masana ke kira Iullemeden, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 500,000. Daga cikinsa manomin albasa na Galmi ke ban ruwa, daga cikinsa makiyayi ke shayar da bisashe. Sai dai rumbu ne da ba a iya leƙawa. Wanda ke da rumbun gero yana ƙidaya dammunansa ya san ko za su kai shi kaka. Mai rijiya kuwa ba ya sanin gaskiya sai ranar da guga ta dawo da laka.

A nan ilimin lissafi ke shigowa. Tun 1856 wani injiniya Bafaranshe, Henri Darcy, ya gano ƙa'idar yadda ruwa ke ratsa rairayi. Bisa wannan ƙa'ida, masana na raba taswirar yanki zuwa ƙananan gidaje kamar na dara, su ba kowane gida adadinsa: ruwan saman da ke nutsewa, wanda ake ɗiba, da wanda ke kwarara zuwa maƙwabcinsa. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta haɗa su, sannan a gwada sakamakon da zurfin rijiyoyin da aka auna. In sun dace, ana iya tambayarta abin da zai faru idan aka ninka rijiyoyi.

Hukumar OSS mai mazauni a Tunis ta yi wannan aiki tare da Nijar da Mali da Najeriya. Lissafinta ya nuna ɗibar ruwa ta tashi daga mita kubik miliyan 50 a 1970 zuwa miliyan 180 a 2004, alhali abin da ke komawa rumbun a shekara bai wuce kimanin miliyan 150 ba. Wato tun wajen 1995 aka fara cin iri.

Amma jimilla na iya ruɗar mutum. A kewayen Yamai ruwan rijiyoyi tasowa ya yi da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, domin saran daji ya sa ruwan sama na gangarawa cikin tabkuna yana nutsewa. Don haka doka guda ba za ta dace da kowane kwari ba, kuma lissafin da ba a ciyar da shi da awon rijiyoyi kowace shekara zai zama duba.

Bayan sanin iyaka sai rabo. A 1939 Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet ya fito da hanyar samun mafi girman amfani daga kaya ƙayyadaddu, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1975. Da wannan hanya ana iya lissafa eka nawa za a shuka albasa, nawa alkama, ba tare da an zarce ruwan da ke akwai ba. Sai dai dole wani ya gaya wa na'ura abin da ake nema: kuɗin shiga ne, ko cimaka, ko ruwan dabbobi? Idan ba a sanya makiyayi cikin lissafi ba, amsar za ta fito tsaf ba tare da shi ba.

Wannan zaɓi na siyasa ne, kuma hakkin talakawa ne su ji shi da harshensu. Ya kamata a riƙa bayyana awon rijiyoyi a fili, wakilan jama'a su tambayi sharuɗɗan da aka bai wa na'ura kafin a amince da sabon aikin ban ruwa, ƙasashen uku kuma su riƙa musayar alƙaluma, tunda ruwan bai san iyaka ba.

Allah ya ba da damina mai albarka. Wassalam.