Lissafin Taurari Masu Faɗuwa: Ina Mai Sha'awa Zai Fara?



Hasken nan da ke tsaga sama da dare, mu ce tauraro ya faɗi, yawanci ɗan tsakuwa ne da bai fi ƙwayar gero ba, yana ƙonewa a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Ɗalibai biyu ne a Göttingen ta Jamus, Brandes da Benzenberg, suka fara auna tsayinsa a 1798. Sun tsaya a wurare biyu masu tazara, kowa ya rubuta inda ya ga hasken a tsakanin taurari, sannan suka haɗa kusurwoyin. Lissafin kusurwa na sakandare ya ishi wannan aiki, kuma shi ne abin da nake roƙon ku ɗauka da muhimmanci.

Ku duba gudunsa. Mafi ƙaranci kilomita 11 ne a daƙiƙa, domin jan ƙasa kaɗai yana ba shi haka. Mafi yawa 72 ne: duniya na tafiya da kilomita 30 a daƙiƙa, dutsen da ke zagaya rana ba ya wuce 42 a nan kusa da mu, in suka yi gaba da gaba sai a tara.

Wurin farawa ga mai sha'awa shi ne ƙungiyar IMO ta masu lura da waɗannan taurari, wadda aka kafa a 1988. Kowace shekara tana fitar da kalandar zubar taurari kyauta a intanet, tana kuma da littafin jagora ga mai ƙirga. A can za ku koyi ZHR, wato adadin da za a gani a awa ɗaya in sama ta yi garau, mafitar taurarin, wato wurin da ake ganin suna fitowa a sama, kuma tana tsakar ka. A ce ka ƙirga 20 cikin awa ɗaya a daren 13 ga Disamba, lokacin zubar Geminid, mafitar tana digiri 30 sama da gefen sama. Sayin na digiri 30 rabi ne, sai a raba 20 da rabi, ta zama 40. Ga kuma hazon hunturu ya ɓoye maka mataki ɗaya na hasken ƙananan taurari. Sai ka ninka da 2.6, adadin gyaran Geminid na kowane mataki, ka samu 104. Wannan gyaran ya shafe mu ƙwarai, tunda zubar Perseid ta Agusta tana zuwa da gizagizan damina, ta Disamba ce rabonmu, ita kuma da ƙura take zuwa.

Manhajar Stellarium, wadda ake saukewa kyauta, za ta nuna maka tsayin mafitar a kowace awa. Wanda ya ƙware ya nemi littafin Peter Jenniskens na 2006 kan zubar taurari da taurari masu wutsiya da suka haife su. A nan ne lissafin falaki yake da zurfi, kada a fara da shi. Ku fara da tabarma, da agogo, da littafin rubutu, ku fita bayan gari inda wutar lantarki ba ta kai, ku aika wa IMO abin da kuka ƙirga.