Igiya da gawayi



Dukanmu mun taɓa ganin igiya da dare munka yi tsalle, mun ɗauka maciji ne. Ba wauta ba ce. Cikin ƙwaƙwalwa akwai ƴan wurare biyu, kowane kamar ƙwarar gujiya, likitoci na ce musu amigidala. Su ke sa gaba ya faɗi, ƙafa ta janye, tun hankali bai gama dubawa ba.

Amma mugunyar iskar gawayi ba wari, ba launi, ido da hanci ba su kai labarinta. In ɗari ya shigo, muna kwana mu shida ɗaki guda a Yamai, ƙofa rufe. Mu fidda murhu waje kafin barci, ko ya daina hayaƙi. Wanda ya ji ciwon kai da jiri, ya tada saura, a fita.