Jinya ko Farfaɗo da Majinyaci: Jawabin Kwamitin Rancen Karatu a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Mu 'yan kwamitin rancen karatu, tambayar da aka fi kawo mana bana ita ce: yarinya ta gama sakandare, tana son aikin asibiti, wanne za ta karanta? Kusan kowa jinya ya sani. To akwai wani fanni kuma, wanda a takardun makaranta ake kira okufeshonal terafi, wato koya wa majinyaci komawa ga ayyukansa na yau da kullum. Bari mu ɗan auna su, tunda kuɗin da za a kashe guminmu ne.

Jinya dai kun san ta: auna zafin jiki da hawan jini, allura, ƙarin ruwa, wanke ciwo, ba da magani a kan lokaci. Akwai karatun babbar jinya, akwai kuma na jinyar karkara mai shekara 2. Ana neman kiredit 5: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Makarantun suna kusa da mu, kuma ko ƙaramin asibitin ƙauye yana bukatar nas. Amma fa akwai aikin dare, akwai jini, akwai ranar Sallah a bakin aiki. Wanda zai aure ta ma gara ya san haka tun da wuri.

Ɗaya fannin kuwa, ku tuna da wata uwa da ɓarin jikinta ya shanye. An sallame ta daga asibiti, amma ba ta iya riƙe cokali, ba ta iya ɗaura zani, sai an kai ta bayi. Masu gashi suna dawo da ƙarfin gaɓoɓi da motsinsu. Ita kuma wannan ma'aikaciya, a ƙarƙashin kulawar babban jami'in fannin, ita ce za ta zauna da ita kullum, ta naɗa wa cokali tsumma ya yi kauri don ya riƙu, ta koya mata saka riga da hannu ɗaya, har ta koma girkinta ko keken ɗinkinta. Haka take yi da yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, da wanda wuta ta ƙona wa hannu, da masu taɓin hankali. Galibi aikin rana ne. Sai dai yana son haƙuri, don ana iya yin wata guda kafin majinyaci ya iya balle maɓalli ɗaya. Makarantunsa kaɗan ne. Sananniya ita ce ta Gwamnatin Tarayya da ke Oshodi a Legas, don haka a saka kuɗin mota da na masauki a lissafi. Guraben aikin ma sun fi yawa a manyan asibitoci, irin na ƙashi da na ƙwaƙwalwa.

Saboda haka kada mu zaɓa wa yarinya don farin kaya, ko don 'yar maƙwabta ta yi. Mu dubi halinta. Mai zafin nama da ba ta razana, ta dace da jinya. Mai sanyin hali, wadda ba ta gajiya da maimaita wa ƙannenta abu ɗaya, ta duba ɗaya fannin.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damun mu. Wata 'yar'uwarmu ta biya kuɗin shekara 2 a wata makaranta, daga baya aka gano ba ta da rajista. Yarinya ba lasisi, uwa kuma har yau tana biyan bashi. Don haka daga yanzu, kafin mu sa hannu a rance, sai mun tabbatar Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta amince da makarantar, in kuma ɗaya fannin ne, hukumar da ke yi wa masu aikin farfaɗo da majinyata rajista. Muna kuma roƙon kowace uwa ta kai 'yarta asibiti, ta yi hira da masu aikin biyu, ta gani da idonta. Matambayi ba ya ɓata.

Ƙofarmu a buɗe take bayan kowane taron wata. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya maimaita mana.