Malamanmu a Ƙasashen Annabawa

Shugaban taro, iyayenmu malamai, iyayenmu mata, ɗalibai, jama'ar Tozai da baƙinmu da suka ƙetaro daga Birnin Ƙonni, barkanku da war haka.

Ku mutanen bakin iyaka ba sai an koya muku tafiya ba. Abin da zan tattauna shi ne wata irin tafiya da ta kusa ɓacewa: ta malamin da kan nufi gabas da allo da littattafai a gafaka, ya yada zango shekara biyu ko goma, yana karantarwa don ya samu guzurin gaba, har ya taka wuraren da Alkur'ani da Littafi Mai Tsarki suka ambata.

Ku ɗauki Muhammadu al-Kashnawi. Bakatsine ne, ya sauke farali, sannan ya zauna a Alkahira ta Masar, ƙasar da Annabi Yusufu ya yi mulki, Annabi Musa ya tashi. A 1732 ya rubuta littafi kan lissafin hatimi, wanda masana lissafi ke dubawa har yau. Ya rasu a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Wato bai je can a matsayin ɗan kallo ba. Malami ne ya zauna cikin malamai. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, shi ma ya bi wannan hanya har sau biyu.

Shehu Umaru Futi ya ratsa ƙasar nan zai tafi Makka. Ya zauna a Madina wurin Muhammadu al-Gali, kuma masu tarihinsa sun ruwaito cewa ya kai Baitul Muƙaddas kafin ya juyo. Da ya dawo, a Sakkwato ya sauka, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana karantarwa, bai ɗaga ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Duk almajirin da ya zauna gabansa ya ji labarin Sham daga bakin wanda ƙafarsa ta taka.

Waɗansu kuwa ba su dawo ba. A tsohon birnin Ƙudus, wato Baitul Muƙaddas, dab da ƙofar Masallacin Aƙsa da ake kira Babul Majlis, akwai tsofaffin masaukai biyu na zamanin Mamluk, waɗanda Turkawa suka taɓa mayarwa kurkuku. Mazauna cikinsu yanzu jikokin alhazai ne daga Nijeriya da Chadi da Sudan da Senegal, da yawansu sun iso lokacin mulkin Ingila kafin 1948. Sun zo ziyara bayan aikin hajji, suka yi aure, suka zama 'yan gari. Ban ga dalilin da za a ce yaranmu sun san Mai Wurno ta Sudan amma ba su taɓa jin wannan unguwa ba.

Me zama ke koyarwa wanda ziyarar mako biyu ba ta koyarwa? Tazara, da farko. Daga Ƙudus zuwa Baitalami, mahaifar Annabi Isa, kimanin kilomita 10 ne. Zuwa Halil, inda kabarin Annabi Ibrahim yake, kimanin 30, bai kai rabin tafiyar Illela zuwa Sakkwato ba. Wanda ya san haka, ƙissar Annabawa ba za ta zame masa tatsuniya ba. Na biyu, zai ga cewa wuraren nan ba na mutum ɗaya ba ne: Musulmi da Kirista da Bayahude duk Ibrahim ɗaya suke zuwa gaisarwa. 'Yan'uwanmu Kirista masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa tun fassarar 1932 suna zuwa Kogin Urdun da Tekun Galili, hukumarsu ta alhazai ke kai su. Amma su da mu, jirgi ya gajarta mana hanya ya kuma gajarta mana sani. A sauke ka a mota, a ɗauki hoto, a ce hau.

Ina roƙon dattawan da ke nan: in akwai gidan da kakansu ya tafi gabas a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, ku bar ɗaliban nan su zo da takarda su rubuta sunayen zangunan da garuruwan da ya karantar, tun masu tunawa suna raye.